Abin da Ke Bi ta Gefe

An ɗauke kuran tun la'asar.
Rumfar babana a Bagalam ta yi tsit,
sai ƙaurin tagullar da ta ƙone
da injin ban ruwan wani manomin Jiratawa
kwance, cikinsa buɗe kamar ragon layya.

Baba Arzika na warware waya da farce.
Shekara talatin da huɗu ke nan yana yi,
kuma duniya a wurinsa kashi biyu ce:
mai ba wuta hanya, da mai hana ta.
Tagulla da roba.
Ƙarfe, da tangaran ɗin da ke kan turke.
Har mutane, in ji shi, haka aka yi su.

Na ce, Baba, akwai na uku.
Bai ɗago ba.

Na buɗe littafin da na taho da shi daga jami'a.
Na ce wani abu ne, ya fi bawon albasa sirantaka.
Tsakiyarsa kurma ce,
ko ka roƙe ta, wuta ba ta ratsa ta.
Amma bakinsa, can gefe-gefe,
nan wutar ke bi, tana kewayawa
kamar mai zagaya gonar surukai don kunya.

Ya ce, to wa ya karkata ta?
Wuta ba ta barin hanya sai an sa mata mayen ƙarfe.
Wannan na sani tun ba a haife ki ba.

Na ce, nan ne abin yake.
Ba wanda ya kawo masa maye daga waje.
A jikinsa yake, an cuɗa shi da shi
kamar kanwa a kunu.
Ka tura wuta gabas,
allurar awo ta ce maka akwai magana a kudu.
Kuma hanyar ɗaya ce tak.
In ta iske tsaga ko tsatsa
ba ta juyowa, ba ta yin zafi,
sai ta rausaya ta wuce abinta.

Ya aje filaya.
Wani ɗan kabu-kabu ya wuce, ƙararsa ta bi shi.
Ya ce, Zuwaira, a nan garin zai yi aiki?
Na ce a'a, sai an sanyaya shi
sanyin da ƙanƙarar kasuwa wuta ce a gabansa.
Ya yi dariya ta hanci.
Ya ce, ashe wahalalle ne.

Ban faɗa masa sauran ba.

Ban ce tun daren da muka dawo daga asibiti ba Inna
ban sake ganin wani abu ya ratsa tsakiyarsa ba.
Ba kuka, ba labari, ko sunanta.
Maƙwabta suka ce dutse ne.
Ni ma na ce.

Amma duk ƙarshen wata
jikka biyar na kwana cikin gwangwanin tumatir
a bakin taga, inda hannuna zai kai.
Kuma shekarar jarrabawa
wata siririyar waya ta bi gindin bango,
ta kewaye randa, ta haye ƙyaure,
ta tsaya bisa tabarmata da ƙwai ɗaya a baki.
Ban ga sa'ad da aka ja ta ba.
Ba ta taɓa komawa ta tambayi ladanta ba.

Gulbi ma na san shi haka da rani:
tsakiya rairayi, ka taka ka wuce,
can gefe kuwa tumatir na shan abin da ba a gani.

Gab da magariba kuran ya dawo.
Fanka ta yi tari, ta tashi.
Baba ya ɗauki ma'auninsa mai fasasshen gilashi
ya dafa wa injin bakin waya biyu.
Allura ta yi jim,
sannan ta karkata.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
bar mini littafin nan zuwa gobe.